Babe Ruth: Ɗan Wasan Besbol Ne Ko Ɗan Fim?

Tambaya: Na ci karo da sunan Babe Ruth a wurare biyu mabambanta. A wani labarin wasanni an kira shi sarkin masu bugun homran, sannan na sake ganin sunan a jerin waɗanda suka fito a wani tsohon fim na Amurka. Shin mutum ɗaya ne? Idan shi ne, wanne ne ainihin sana'arsa, kuma me ya sa har yau ake ambatonsa alhali an ce an riga an karya tarihin da ya kafa?

Amsa: Malam, mutum ɗaya ne, kuma wasan besbol ne sana'arsa, shi ya yi na tsawon kakar wasa 22, daga 1914 zuwa 1935. Fim ya biyo bayan sunan da ya yi a fili ne. Abin da zan so ka riƙe tun daga farko shi ne, a duk fitowar da ya yi a allon silima, a matsayin kansa ya fito, ko dai da sunansa na gaskiya ko da wani suna da kowa zai gane shi ake nufi. Fuskarsa da farin jininsa masu fim suka saya, sannan suka ɗinka masa labarin da suka ga zai fi karɓuwa a wurin jama'a, wanda sau da yawa ya yi hannun riga da ainihin rayuwarsa.

Sai an fahimci mene ne homran kafin sauran bayanin ya yi ma'ana. A besbol ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da 'yan wasa tara, ɗaya tana bugu ɗaya tana tsaron fili, sannan su yi musaya. Mai jifa yana tsayawa tazarar ƙafa 60 da 'yan kai daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo mai tauri da ba ta wuce cikin tafin hannu ba, mai bugu kuma ya yi ƙoƙarin dukanta da gora. Idan ya same ta, sai ya yar da gorar ya ruga zuwa tasha ta farko. Tashoshin huɗu ne, ƙafa 90 tsakanin kowace da mai bi mata, ta huɗun kuwa ita ce inda ya taso, ita ake kira gida, kuma wanda ya kewayo ya dawo gida ba tare da an fitar da shi ba ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Homran shi ne a daki ƙwallon ta tashi sama ta tsallake shingen da ke ƙarshen fili, inda babu mai tsaron da zai kamo ta, sai mai bugun ya kewaye tashoshin a tsanake, duk abokin wasansa da ke tsaye a kan wata tasha shi ma ya shigo gida.

Kafin Ruth, wannan bugu ba shi ne ƙashin bayan wasan ba. Ƙwallo ɗaya ake ta wasa da ita har ta yi laushi ta yi baƙi, masu jifa suna shafa mata yawu ko su kankare fatarta don ta riƙa karkacewa a iska, masu bugu kuma suna riƙe gorar a gajarce, su ɗan taɓa ƙwallon ta faɗi inda babu kowa, su samu tasha ɗaya, a yi ta lallaɓawa har a kai gida. Akwai wani ɗan wasa, Frank Baker, wanda saboda ƙwarewarsa a wannan bugu har laƙabin homran aka yi masa, amma mafi yawan abin da ya taɓa bugawa a kaka guda 12 ne, a 1913. Wannan adadi shi ne ma'aunin da za ka auna duk abin da zai biyo baya da shi.

An haifi George Herman Ruth a ranar 6 ga Fabrairu, 1895, a birnin Baltimore na jihar Maryland, a unguwar talakawa, mahaifinsa kuma mai mashaya ne. Yaro ne da ya gagari iyayensa, har ta kai yana da shekara bakwai suka miƙa shi ga makarantar St. Mary's, wata makarantar gyaran hali da koyon sana'a da malaman ɗarikar Katolika ke gudanarwa, inda ya yi mafi yawan shekaru 12 da suka biyo baya. A can ya koyi ɗinkin riga, a can kuma wani malami mai suna Matthias ya koya masa besbol. Mutane da yawa sun ɗauka maraya ne, alhali iyayensa duka suna raye lokacin da aka kai shi. Mahaifiyarsa ta rasu a 1912, mahaifinsa kuma a 1918, sakamakon wani faɗa a ƙofar mashayarsa. A 1914 Jack Dunn, mai wata ƙaramar ƙungiya a Baltimore, ya ɗauke shi yana ɗan shekara 19, sai manyan 'yan wasan suka riƙa kiransa jinjirin Dunn, daga nan laƙabin Babe, wato jinjiri da Turanci, ya bi shi har kabari. Kafin shekarar ta ƙare Dunn ya sayar da shi ga ƙungiyar Boston Red Sox.

Abin da ya fi ba wa sababbin masu bibiyar tarihinsa mamaki shi ne, da jifa ya fara yin suna. Bahago ne, kuma a 1916 ya ci wasa 23, a shekarar da ta biyo baya ya ci 24, yana cikin gwanayen masu jifa na zamaninsa. A wasannin ƙarshe na cin kofi da ake kira World Series na 1916 ya yi jifa na zagaye 14 shi kaɗai a wasa guda (zagaye ɗaya shi ne kowace ƙungiya ta yi bugu sau ɗaya, ta yi tsaro sau ɗaya), ya doke Brooklyn da ci biyu da ɗaya, kuma tsakanin wannan gasar da ta 1918 ya jera zagaye 29 da 'yan kai ba a ci shi maki ko ɗaya ba, tarihin da ya tsaya har 1961. Boston ta ɗauki kofi sau uku yana cikinta, a 1915 da 1916 da 1918. Sai dai mai jifa ba ya wasa sai bayan kwana huɗu ko biyar, ƙungiyar kuma ta ga asara ce a ajiye irin wannan hannu a benci, sai aka fara sa shi tsaron fili a ranakun da ba ya jifa domin ya samu damar bugu. A 1919 ya buga homran 29, ya goge tarihin 27 da aka kafa tun 1884.

A ƙarshen wannan shekara mai ƙungiyar Boston, Harry Frazee, wanda kuma mai shirya wasannin dandamali ne da ke fama da bashi, ya sayar da shi ga New York Yankees a kan dala 100,000, tare da rancen dala 300,000 da aka jinginar da Fenway, filin wasan Boston, a kansa. Boston ba ta sake ɗaukar kofi ba sai a 2004, bayan shekara 86, magoya bayanta kuma suka yi ta danganta abin da wannan ciniki.

A 1920 Ruth ya buga homran 54. Wanda ya zo na biyu, George Sisler, 19 ya buga, kuma ban da tasa, babu wata ƙungiya a lig ɗinsu, wato rukunin gasar da suke ciki, idan aka haɗa duk 'yan wasanta, da ta kai abin da Ruth ya buga shi kaɗai. A 1921 ya buga 59, kuma a cikin wannan kakar ya wuce 138 da Roger Connor ya tara a duk rayuwarsa, wato yana ɗan shekara 26 ya riga ya zama wanda ya fi kowa homran a tarihin wasan. Akwai dalilai da suka taimaka, domin a 1920 aka fara hana shafa wa ƙwallo yawu, kuma bayan da wata ƙwallo ta sami ɗan wasa Ray Chapman a ka ya mutu a watan Agustan wannan shekara, alƙalan wasa suka koma sauya ƙwallo da zarar ta yi datti. Amma waɗannan sauye-sauye kowa ya same su. Bambancin yana cikin yadda Ruth yake bugu: gorarsa ta fi kilo ɗaya nauyi, yana kama ta a can ƙarshen ƙota, ya haɗe ƙafafuwa, ya taka gaba, ya juya da dukan jikinsa yana ɗaga bugun sama, har idan ya kuskure ƙwallon sai ka ga ya murɗe kamar igiya. Ya yarda ya kuskure sau da yawa domin in ya samu ta yi nisa, lissafin da malaman wasan na lokacin suke ɗauka wauta ne. Jama'a kuwa suka yi tururuwa, Yankees ta zama ƙungiya ta farko da 'yan kallonta suka haura miliyan ɗaya a kaka guda, a daidai lokacin da asirin wasu 'yan wasan Chicago White Sox ya tonu cewa sun karɓi kuɗin 'yan caca sun sayar da gasar 1919, wasan yana neman wanda zai dawo masa da martaba.

A tsakiyar wannan kaka ta 1920 ne ya yi fim ɗinsa na farko, Headin' Home, fim marar sauti wanda aka fara haskawa a zauren Madison Square Garden a watan Satumba. Ana ɗaukarsa da safe, da rana ya tafi fili. Labarin ya nuna shi a matsayin wani saurayin ƙauye mai kunya da biyayya, yana zaune da mahaifiyarsa da ƙaramar ƙanwarsa da ɗan karensu, yana sare itace ya sassaƙa gorarsa da hannunsa, mutanen garin suna raina shi, har ya tafi birni ya yi suna ya dawo ana girmama shi. Ka ajiye wannan kusa da yaron mashayar Baltimore da aka kulle a makarantar gyaran hali, za ka ga babu abin da ya haɗa su sai fuska. Duk da haka ina ganin fim ɗin yana da daraja ga mai son tarihi, domin ya nuna Ruth yana ɗan shekara 25, dogo, mai faɗin kafaɗa, bai riga ya ajiye tumbin da aka san shi da shi daga baya ba. Ta fuskar kuɗi kuwa bai ji da daɗi ba: an yi masa alkawarin dala 50,000, aka ba shi 15,000, cekin ragowar 35,000 kuma da aka kai banki aka tarar babu kuɗi a asusun.

Irin wannan cuta ce ta sa shigowar Christy Walsh cikin harkokinsa a 1921 ta zama muhimmiya. Walsh ya zama wakilinsa, yana cikin mutanen farko da suka yi wa ɗan wasa irin wannan aiki, shi ke ɗaukar marubuta su rubuta sharhi a jaridu da sunan Ruth, shi ke ƙulla yarjejeniyar talla da ta wasannin dandamali, shi kuma ya matsa masa ya riƙa ajiya, abin da ya cece shi lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1929. Aikin Walsh ba ƙarami ba ne, domin mutumin da yake tallatawa ba ya jin magana. Ruth mai ci ne, mai sha, mai yawon dare da neman mata, ba ya kuma ɗaukar umarni. An dakatar da shi makonnin farko na kakar 1922 saboda ya bijire wa shugaban hukumar wasan, Kenesaw Mountain Landis, ya tafi yawon wasannin neman kuɗi bayan an hana, kuma a 1925, bayan wata doguwar jinya, kocinsa Miller Huggins ya ci shi tarar dala 5,000. A gefe guda kuma ƙaunarsa ga yara ta gaskiya ce, yana yawan zuwa asibitoci da gidajen marayu, kuma wannan ɓangaren ne masu kyamara suka fi nunawa.

A ranar 18 ga Afrilu, 1923 aka buɗe sabon filin Yankee Stadium, ya kuma buga homran a ranar, a kan tsohuwar ƙungiyarsa Boston, 'yan jarida suka riƙa kiran filin gidan da Ruth ya gina. Shekarar da ta fi kowace a tarihinsa ita ce 1927, kuma a cikinta harkar fili da ta fim suka fi haɗuwa. Kafin a fara kaka ya je Kalifoniya ya yi Babe Comes Home a kamfanin First National, tare da jaruma Anna Q. Nilsson, Ted Wilde ya ba da umarni. Ya fito a matsayin Babe Dugan, ɗan wasa mai taunar taba da ke ɓata rigunansa, ita kuma ta fito a matsayin mai wankin da ke fama da rigunan, daga nan soyayya ta shiga. Wannan ne karon da ya fi kusa da zama jarumin fim na sosai, kuma shi ne ba za mu iya gani ba, domin fim ɗin yana cikin ɗimbin fina-finan wancan zamani da suka ɓace. Da aka dawo fili, shi da abokin wasansa Lou Gehrig suka yi ta tseren buga homran har watan Satumba, inda Ruth ya buga 17 a wata guda, ya cika 60 a ranar 30 ga watan a kan mai jifa Tom Zachary na Washington. Gehrig ya tsaya a 47, ƙungiyar ta ci wasa 110 cikin 154, ta kuma ɗauki kofi.

A cikin wannan bazarar ne aka ɗauki fitowar da nake ganin ta fi duk sauran, 'yan mintoci kaɗan a fim ɗin barkwanci na Harold Lloyd mai suna Speedy, wanda ya fito a 1928. Lloyd ya fito a matsayin saurayi mai haukan besbol da ya samu aikin tuƙa tasi. Ruth yana ƙofar wani gidan marayu yana raba wa yara ƙwallaye, sai ya ga ya makara, ya tsayar da tasi ya ce a kai shi fili. Da direban ya gane wanda ya ɗauko, sai ya manta da titi, ya juyo da kansa baya yana ta zuba masa yabo, motar kuwa tana kutsawa tsakanin motoci da taragon titi na New York, tana kaucewa karo da ƙyar. Ruth yana baya ya ƙanƙame kujera, idanu a waje, yana nuna masa gaba da hannu, ana jifa da shi daga wannan gefe zuwa wancan. Abin yana ba da dariya har yau saboda ba a nemi ya zama wani mutum dabam ba, an dai sa shi cikin halin da kowa zai tsorata, aka bar faffaɗar fuskarsa ta yi sauran aikin. Mai lura zai hango Gehrig ya gifta ta baya na ɗan daƙiƙoƙi bayan an sauke shi.

Da fim mai sauti ya zo, sai ya koma gajerun fina-finai. A 1932 kamfanin Universal ya fitar da jerin guda biyar, daga ciki akwai Slide, Babe, Slide da Just Pals da Fancy Curves, waɗanda yawancinsu koyar da dabarun wasa ne da aka lulluɓe da ɗan labari, shi da yara, ko kuma a na ƙarshen shi da ƙungiyar 'yan mata, inda har ya sa hular gashi ya shiga bugu. A 1937 ya sake fitowa a wani gajere mai kiɗa, Home Run on the Keys. Ba su da wani nauyi, sai dai a cikinsu ake jin muryarsa. A wannan tsakanin albashinsa ya kai dala 80,000 a 1930, ya zarce na shugaban ƙasa Herbert Hoover da dala 5,000.

Wani abin lura shi ne, lamarin da ya fi shahara a duk tarihinsa kyamara ba ta raba gardama a kansa ba. A wasa na uku na World Series na 1932, a filin Wrigley na Chicago, 'yan wasan Chicago Cubs, abokan karawarsu, suna ta yi masa ba'a daga benci, sai ya ɗaga hannu ya yi nuni, jifan da ya biyo baya kuma ya aika da ƙwallon can bayan tsakiyar fili. Wasu suka ce wurin da zai buga ya nuna tun kafin ya buga, wasu suka ce benci yake nuna wa, mai jifan kuma, Charlie Root, har ya mutu yana musanta cewa an nuna shinge. Hoton da wani ɗan kallo ya ɗauka da ƙaramar kyamararsa ya ɓulla bayan shekaru masu yawa, ya tabbatar da ɗaga hannun, amma bai nuna inda aka nufa ba. Fina-finan da aka yi a kansa daga baya duk sun zaɓi riwayar da ta fi daɗi.

Ƙarshen wasansa bai yi armashi ba. Ya buga homran na farko a tarihin wasan taurari, wanda ake haɗa zaɓaɓɓun gwanaye daga ƙungiyoyi dabam-dabam, a 1933, ya je rangadi Japan a 1934 inda dubban mutane suka tarbe shi, amma burinsa shi ne a ba shi horar da Yankees, masu ƙungiyar kuma suka ƙi, suna ganin wanda bai iya riƙe kansa ba ba zai riƙe wasu ba. Ya koma Boston Braves, wata ƙungiyar dabam a Boston, a 1935, jiki ya riga ya yi nauyi. A ranar 25 ga Mayu, a Pittsburgh, ya buga uku a wasa guda, na ƙarshen ya tsallake rufin rumfar 'yan kallo, shi ne na 714, bayan kwanaki kaɗan kuma ya ajiye gora. Ya jagoranci lig ɗinsa a homran sau 12, ya ɗauki kofi sau bakwai, kuma a 1936 yana cikin mutum biyar na farko da aka zaɓa zuwa zauren tunawa da gwanayen wasan da ke Cooperstown.

Gaskiya ne an karya manyan tarihinsa biyu. Roger Maris ya buga 61 a 1961, a kakar da aka ƙara yawan wasanni zuwa 162, Hank Aaron kuma ya buga na 715 a ranar 8 ga Afrilu, 1974, bayan ya sha wasiƙun zagi da barazanar kisa daga masu ƙin ganin baƙar fata ya wuce Ruth, ya kuma ƙare da 755. Barry Bonds ya kai 762, ko da yake zargin amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari ya dusashe nasa. Dalilin da ya sa sunan Ruth bai gushe ba shi ne tazarar da ke tsakaninsa da mutanen zamaninsa, da kuma cewa kusan kaka biyar na farkon rayuwarsa a jifa ya yi su. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa bai taɓa karawa da baƙaƙen 'yan wasa a gasar hukuma ba, domin an hana su shiga har sai da Jackie Robinson ya keta shingen a 1947. Da hukumar wasan ta shigar da alƙaluman gasannin baƙaƙen fata cikin kundinta a 2024, sai Josh Gibson ya hau saman Ruth a ma'aunin ƙarfin bugu na tsawon rayuwa.

Fitowarsa ta ƙarshe mai muhimmanci ita ce a The Pride of the Yankees na 1942, tarihin Lou Gehrig, wanda ciwon shanyewar jijiyoyi ya kashe a 1941 yana ɗan shekara 37. Gary Cooper ya fito a matsayin Gehrig, Ruth kuma a matsayin kansa, tare da wasu tsofaffin abokan wasansu irin su Bill Dickey. Yana da shekara 47 a lokacin, ya yi ƙiba sosai, sai da ya rage nauyi mai yawa cikin gaggawa don ya yi kama da yadda yake a da, abin da ya kai shi ga kwanciya asibiti. Akwai wata fitowa a cikin jirgin ƙasa inda ya shigo yana taƙama da sabuwar malafarsa, 'yan wasan suka faki idonsa suna gatsar gefenta ɗaya bayan ɗaya, aka zuga Gehrig, sabon shiga mai kunya, shi ma ya gatsa, shi kuma aka kama. A nan Ruth ya fi sakewa, yana ihu yana dariya kamar yadda abokansa suka san shi. Abin da fim ɗin bai faɗa ba shi ne, mutanen biyu sun yi shekaru ba sa magana da juna, sai a ranar 4 ga Yuli, 1939, ranar da aka yi bankwana da Gehrig a fili, Ruth ya je ya rungume shi. An zaɓi fim ɗin a rukuni 11 na kyautar Oscar, ya ci ɗaya, ta tace hoto.

Daga nan sai wasu suka karɓi aikin fitowa a matsayinsa, daga William Bendix a 1948 zuwa John Goodman a The Babe na 1992, wanda ya karkata ga nuna ci da sha da fushi har ya wuce gona da iri. Na Bendix, The Babe Ruth Story, ya karkata ɗaya gefen. A cikinsa Ruth yana shiga mashaya ya nemi madara, yana gaida yaro gurgu yaron ya miƙe tsaye, yana fasa wasa don ya kai kare asibiti, matarsa ta farko kuma, Helen, wadda ta rasu a gobara a 1929, ko ambatonta ba a yi ba. Masu sharhi da dama suna lissafa shi cikin mafi raunin fina-finan wasanni da aka taɓa yi, ni ma ban ga dalilin musa musu ba.

An yi gaggawar kammala shi ne saboda an san mai labarin ba zai daɗe ba, domin tun ƙarshen 1946 ciwon daji ya kama shi a can bayan hanci da maƙogwaro, ya rame, muryarsa ta dushe. A ranar 13 ga Yuni, 1948 ya sa rigarsa mai lamba uku ya fito Yankee Stadium karo na ƙarshe, rigar tana reto a jikinsa, yana dogara gorar da ya ara daga bencin ƙungiyar Cleveland kamar sanda. Duk masu ɗaukar hoto suka tsaya a gabansa, sai Nat Fein ya zagaya ta baya, ya ɗauko lambar da sunkuyayyen bayansa da hular da ke hannunsa da rumfunan da suka cika maƙil, hoton da ya ci kyautar aikin jarida ta Pulitzer a shekarar da ta biyo baya. A ranar 26 ga Yuli aka fito da shi daga asibiti aka kai shi gidan silima na Astor domin bikin fara haska fim ɗin Bendix, amma bai iya zama har ƙarshe ba, aka mayar da shi gadonsa. Ya rasu a ranar 16 ga Agusta, 1948, yana da shekara 53, aka ajiye gawarsa kwana biyu a ƙofar filin, mutane fiye da 70,000 suka bi layi suka wuce ta gabanta.